"Rabo ne" a bakin wa?

Saratu Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun makon jiya, na ce bari in kawo shi nan ko Allah ya sa a warware mini.

Cikin watan nan littafi uku na karanta a waya, na marubuta daban-daban, kuma duk ukun da kalma ɗaya aka rufe su: rabo. Na ƙarshen ne ya fi ci mini rai. An cire yarinya daga makaranta an aura wa abokin babanta saboda bashi. Babi bayan babi tana shan duka da zagi da horon yunwa. Can sai ga ciki, ta haifi tagwaye, ranar suna kowa na cewa ashe rabon waɗannan bayin Allah ne ya yi ta jan mu. Uban da ya biya bashi da ita ya faɗa, mijin ya faɗa, ita ma marubuciyar ta faɗa da bakinta a layin ƙarshe. Shi ke nan, aka tashi. Ba wanda ya dubi yarinyar ya ce mata yi haƙuri, mun cuce ki.

Ni ma kun san ina ɗan taɓa rubutu. Na kai babi na 14, inda Inna za ta rarrashi ɗiyarta, sai na ga hannuna da kansa ya rubuta "ki yi haƙuri, rabo ne." Na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa, don na san abin da uwa za ta faɗa ke nan a gaske, amma raina bai kwanta ba. Malamai, haka kalmar nan take a adabinmu tun asali, ko mu ne muka mayar da ita murfin tukunya?

Malam Buhari:
Wa alaikumus salam Malama Saratu. Shekara 19 ina koyar da Hausa a sakandare, ban taɓa tsayawa na yi wa kalmar nan irin kallon da kika yi mata ba sai yau. Bari mu fara da ita kanta.

Kalmomin da muke kiran abin da Allah ya ba bawa da su, yawancinsu baƙi ne da suka zama 'yan gida. Arziki daga Larabci yake, haka nasibi, haka albarka, haka ƙaddara. Sa'a kuwa asalinta lokaci, shi ya sa har gobe muke cewa sa'a biyu, sa'ad da, sa'an nan. Rabo ne ɗan ƙasa a cikinsu, daga "raba" ya fito. To dubi hoton da ke cikinsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin watanda ana jajibirin salla ya san shi. An kayar da sa, an shimfiɗa buhuna, mahauci na kasa nama tsibi-tsibi, ga tsoka ga ƙashi ga kayan ciki, kowa na tsaye da kwanonsa. Ba kai ke kasawa ba, kuma kashin wani ba zai faɗa kwanonka ba. Da ka ce rabo ka riga ka ce akwai mai rabawa, ko ba ka ambaci sunansa ba. Wannan ne ya sa ta fi sa'a nauyi a baki. Sa'a takan zo ta wuce. Rabo ajiye yake da sunanka, shi ya sa na kwaɗo ba ya hawa sama.

Amma ki lura da wani abu. Mukan ce mai rabon ganin baɗi sai ya gani. Mukan kuma ce mai rabon shan duka ba ya jin bari. Na biyun nan ba rarrashi ba ne, faɗa ne. Ana nufin an hana shi bai hanu ba, shi ya ja wa kansa. Ke nan tun a karin magana Bahaushe ya san a kira abu rabo kuma a ɗora wa mutum alhakinsa, a numfashi ɗaya.

Sannan kalmar tana da wata fuska da marubuta ba su cika taɓawa ba. In na ce rabona da Wurno shekara uku, ai rabuwa nake nufi. Abin da ka samu rabo, abin da ka rabu da shi ma rabo.

Maman Sadik:
Muna biye Malam, Allah ya ƙara basira.

Arzika Kware:
Ku gafarce ni, ni ba marubuci ba na, manomi na. Yarona yas saka ni cikin zauren ga don ya san ina son a karanta man littafin Hausa da dare. Amma ɗiyata Saratu, kak ki taɓa kalmar ga, ina roƙonki.

Shekarar 2010 da Rima tac cika tat tumbatsa, wadda har gadar hanyar jami'a ta karye, muna da shinkafa ga fadama ta yi kai ta kusa yanka. Bashi munka ci munka yi aikin. Dare guda ruwa yas shahe ta. Da sahe ni da Baba, Allah shi jiƙan shi, munka hau tudu muna kallo, ba ka ganin komi sai ruwa ja da kawunan itace. Ni ina da shekara talatin da wani abu, da mata da ɗiya, amma wallahi kuka nika yi kamar yaro. Baba ya daɗe bai ce uffan ba. Can yad dafa kafaɗata yac ce, "Arzika, ba rabonmu ba na. Tashi mu tai mu ga ko irin albasa ya tsira." Iyakar abin da yac ce ke nan. Da bai faɗi hakanan ba, ban san halin da zan shiga ba, don na ga waɗanda zuciya tab buga ma a shekarar nan. Kalmar ga ita ta ɗauke mu daga bisa tudun. Ruwa na janyewa munka dasa albasa, kuma Allah ya ba mu abin da munka biya rabin bashin.

To in kun fidda ta cikin littafi, mi za ku ba mutum irina ya riƙe?

Saratu Mabera:
Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Kawu Arzika wallahi sai da na yi ƙwalla. Ba cewa nake a fitar da ita ba. Amma dubi labarinka: ba wanda ya cuce ku. Ruwa ne, ba ka da wanda za ka kai ƙara. Kuma wanda ya yi asarar shi ne ya faɗa, ya faɗa wa ɗansa, sannan ya ce tashi. Da a ce wani ne ya kora shanunsa cikin shinkafar da gangan, sannan ya zo ya dafa ka ya ce "Arzika, ba rabonku ba ne," ya za ka ji?

Arzika Kware:
Wannan kam sai dai a raba mu gaban alƙali.

Malam Nasiru Gidan Igwai:
Kawu ya ba da amsar da kansa. Bari in ƙara da abin da na sani, don da yawa daga masu rubutun nan gani suke addini suke karewa in sun rufe labari da rabo.

A Suratul Ƙasas aya ta 79, da Ƙaruna ya fito wa mutanensa cikin adonsa, masu son rayuwar duniya suka yi ta burin ina ma su ne, suka ce lalle shi mai babban rabo ne. Aya ta 81 ƙasa ta haɗiye shi da gidansa. Wannan lafazin dai, na mai babban rabo, ya sake zuwa a Suratu Fussilat aya ta 35. A can Allah ne da kansa ya faɗa, kuma ga wa? Ga mutumin da ke iya tunkuɗe mummuna da abin da ya fi kyau, har wanda ke gaba da shi ya koma kamar masoyi. Lafazi ɗaya ne, amma a bakin 'yan kallon Ƙaruna kuskure ne, suna ganin dawaki da tufafi suna kiransu rabo. Marubuci mai hankali zai ɗauki darasi a nan: mutanen cikin labari suna iya kiran abu rabo alhali labarin kansa yana nuna ba su gane ba.

Malamai kuma suna da ƙa'ida sananniya, cewa ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan laifi. Ambaliyar Kawu musiba ce, Baba ya yi daidai, ya kuma samu lada in sha Allah. Uban da ya biya bashi da ɗiyarsa laifi ya yi. A Suratul An'am aya ta 148 masu shirka sun ce da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, kuma ba a karɓa musu ba. Imani da ƙaddara rukuni ne, ba mai jayayya a nan. Abin da ake magana shi ne mai laifi ya ɗauke ta ya yi garkuwa.

Ummu Khairat:
Allah ya gafarta Malam, na ji, amma ku bari mu ma masu rubutun mu yi magana, don tun ɗazu mu ake yanka ba wuƙa. Littafi shida na rubuta, huɗu daga ciki akwai maganar rabo, kuma ba na jin kunyar haka.

Na farko, abin da mutane ke faɗa muke rubutawa. Shiga kowane gidan suna a garin nan, daga Arkilla har Tudun Wada, ka zauna minti goma ka ji ko ba za a ce rabo ba. In na rubuta tsohuwa Basakkwata ta ga jikoki tagwaye ba ta ce rabo ba, masu karatu za su ce ban san mutane ba.

Na biyu, kun san su wa ke karanta mu? Matan da ke cikin irin wannan auren. Wata ta taɓa turo mini saƙo ƙarfe biyun dare, ta ce shekararta tara da wanda ba ta so, 'ya'ya huɗu, ba ta da inda za ta, littafina ne ya sa ta kalli yaranta ta ji ba a banza ta sha wahala ba. In ce mata me? In rubuta mata cewa an cuce ta kawai, ta rufe waya ta kwana da wannan? Saratu ƙanwata, ke yanzu kika fara. Ranar da irin wannan saƙon ya shigo miki za ki gane dalilin da ya sa hannunki ke rubuta kalmar da kansa.

Kuma tagwayen nan fa, ba rabo ba ne? Akwai wanda zai ce ba Allah ya rubuto zuwansu ba?

Hajiya Luba:
Ban cika magana a nan ba, karatu nake yi in wuce, amma yau sai na yi.

Shekara 11 na yi a ɗakina ban haihu ba. Ba na jin akwai wanda ya ji kalmar nan a zauren nan kamar yadda na ji ta. Kun san a wurinmu mata in an ce rabo, ciki ake nufi. An samu rabo, Allah ya kawo rabo, rabo bai zo ba. Uwar mijina, Allah ya yi mata rahama, duk ranar Juma'a in na kai mata fura sai ta kama hannuna ta ce, "Luba, rabo na nan tahe, kak ki sa ma ranki komi." Wallahi in ta faɗa sai in ji kamar an zuba mini ruwan randa. Ita ce ta hana a yi mini gori a gidan. Amma akwai wata a dangi, duk sunan da muka haɗu sai ta ɗaga murya cikin mata ta ce, "Ayya Luba, har yanzu rabon shiru? Wani dai ba a rabo da shi ba." Kalmar dai ita ce. Daga bakin waccan magani, daga bakin wannan sai in koma gida in rufe ɗaki.

Wanda ya fi wannan ciwo ƙanwata aka yi wa. Mijinta ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Illela, shekararsu biyu da aure, suna son juna kamar me, ba su haihu ba. Bayan takaba da shekara ɗaya ta auri wani, wata goma ta haifi namiji. Ranar suna ina zaune gefenta a bakin gado, jaririn na cinyarta, wata tsohuwa ta leƙa fuskarsa ta ce, "Allahu akbar, ga wanda ya kashe wane. Rabo kan kashe." Mata suka yi ta gyaɗa kai. Na ga hannun ƙanwata ya saki zanen goyon. Daren nan ba ta ba shi nono ba sai da na zauna kanta. Ta ce, "Yaya, wai don wannan ya zo aka ɗauke mini shi?" Ta fi wata uku kafin ta iya kallon yaron da sakin fuska.

Wannan magana ta rabo kan kashe na gan ta a littattafai ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. In marubuciya ta rasa yadda za ta yi da mijin farko sai ta kashe shi a mota, ta ce rabo. Ummu ɗiyata, ba na ce kada ki rarrashi waccan baiwar Allah ba, rarrashe ta. Amma ki san akwai mai karanta ki da jariri a cinya.

Malam Nasiru Gidan Igwai:
Inna lillahi. Hajiya, ajali daban, arziki daban, kowanne an rubuta shi da kansa, kamar yadda ya zo a hadisi na huɗu cikin Arba'una. Jariri bai kashe kowa ba. Don Allah a daina faɗin wannan a gidajen suna.

Malam Buhari:
Hajiya ta kai mu inda nake so in je. Saratu ta tambaya ko haka abin yake tun asali. Wannan zance na rabon haihuwa da ke kai mace gidan wanda ba ta so tsoho ne a rubutunmu, ba 'yan waya suka ƙirƙiro shi ba. Yana cikin Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ɗaya daga littattafan farko da aka buga a Zariya cikin shekarun 1930. Malam Shaihu attajiri ne marar ɗa, ya sa ran samu ta wurin Zainabu, ya sa dukiya ya raba ta da saurayinta Abubakar. Kuma ya samu ɗan, har ana kiransa Kyauta. Da marubucin yau ne, a nan zai ajiye alƙalami, ga rabo ya bayyana, a yi suna a watse. Su kuwa a nan labarin ya fara. Abubakar ya shiga duniya neman ramuwa, yaron ya tashi ɓarawo, ƙarshe ta hannunsa uban ya halaka. Ba ina yabon ramuwar gayya ba ne, kuma ba na son yadda aka ɗora wa yaro abin da bai ji ba bai gani ba. Abin da nake nunawa shi ne, zuwan ɗan bai share abin da aka yi wa masoyan nan biyu ba. Littafin ya bar cutar tana nan da ranta har ta yi magana, sunansa ma abin da yake faɗa ke nan.

Haka Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yaron da aka sace ya zama babban malami, kowa zai ce rabon karatu ne ya kai shi. Amma an bar mu mun bi uwarsa tana nemansa har ita ma ta faɗa bauta, ta gan shi a ƙarshe ba ta daɗe ba ta rasu. Ɗalibaina mata duk shekara a wurin nan suke yin shiru. Ba a ɓoye musu wahalar da aka sha kafin rabon ya samu ba.

Bashar Runjin Sambo:
Ni tambaya gare ni a gefe. Na taso ina bin Babana kallon dambe, har yau ina sauraron su Ɗan Anace. A fagen dambe ban cika jin ana cewa rabo ba, sa'a ake cewa. Wane ya yi sa'a, yau ba ranar sa'arsa ba ce, ana neman sa'a kafin a shiga. Ina ganin dalili shi ne gobe ma akwai wasa. In an kashe ka yau ka ce sa'a ce ta kuɓuce, sai ka koma ka ɗaure hannu. In ka ce ba rabonka ba ne kamar ka rufe ƙofa. To ko marubuta su riƙa cewa sa'a a wasu wuraren? Ai an ce sa'a ta fi sammako.

Arzika Kware:
Ɗana Bashar, mai faɗin sa'a ta hi sammako bai taɓa ban ruwan albasa ba. Sammako dai. Kuma Baba da yac ce ba rabonmu ba na, shinkafar shekarar nan yaka nuhi, ba noma ba.

Abdullahi Kanwuri:
Bashar ka ɗan kauce da mu, bari in dawo da mu gida. Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne a ce a Sakkwato ake tambayar ko rabo na nufin a naɗe hannu. Gidanmu ba nisa da Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yake, kullum ina ganin masu ziyara. Mutanen da ke kwance a wurin nan sun fi mu imani da ƙaddara nesa ba kusa ba. Amma da Sarkin Gobir Yunfa ya matsa wa jama'a, Shehu bai ce rabonmu ke nan ba. Ya tashi daga Ɗegel ya yi hijira zuwa Gudu a 1804, aka yi yaƙin Tafkin Kwatto a shekarar, Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808. A Kitabul Farƙ ya zauna ya lissafa zaluncin sarakuna ɗaya bayan ɗaya, da irin harajin da suke ɗora wa talakawa. Waƙar nan tasa ta Tabbat Haƙiƙa, wadda ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar Hausa, cike take da gargaɗi ga mai mulkin da ke cin mutane da mai ƙwace haƙƙin wani. A waƙoƙin wa'azi irin nasu in ka ji ana kwaɗaitar da mutum rabo, na gobe ake nufi, tsira da Aljanna, kuma da aiki ake nemansa. Shi ya sa har yau in an yi rasuwa muke cewa Allah ya sa ya rabauta.

Kuma Nana Asma'u da ta ga matan ƙauye ba karatu, ba ta ce ba rabonsu ba ne. Ta naɗa jajis, wato jagororin mata masu koyarwa, ta ba su malfa, ta tura su da waƙoƙi, 'yan taru, matan da ke taruwa neman karatu, suka riƙa zuwa. To yau jikokin waɗannan matan ne za a rubuta wa littafi a ce an cire yarinya daga aji, kuma rabo ne, a tafa?

Ummu Khairat:
Malam Abdullahi ba wanda ya ce a tafa. Hajiya, maganarki ta shige ni, kuma ina da littafi ɗaya da na yi daidai abin da kika faɗa, na kashe mijin farko a hanyar Gusau. Ba zan ƙara ba. Amma har yanzu ba a amsa mini ba. Matar da ta turo mini saƙo ba za ta yi hijira zuwa ko'ina ba. Tana nan a ɗakinta da yara huɗu. Kuma yaran rabo ne, ko mun so ko mun ƙi. Ya zan rubuta mata gaskiya ba tare da na ƙwace ɗan abin da take riƙe da shi ba?

Malam Nasiru Gidan Igwai:
Malama Ummu, yaran rabo ne, ban musa ba. Kuma an cuce ta. Duka biyun gaskiya ne, littafi kuma yana da faɗin da zai ɗauke su tare. Dubi labarin da Allah da kansa ya kira mafi kyawun labari. 'Yan'uwan Annabi Yusuf sun jefa shi rijiya, ta nan ya bi har ya riƙe taskokin Masar, ta dalilinsa suka tsira daga yunwa. In akwai inda za a ce ashe rabo ne, to nan ne. Amma duba yadda aka jera ƙarshen. A aya ta 91 su ne suka fara cewa Allah ya fifita ka a kanmu, kuma lalle mu masu kuskure ne. Sai a ta 92 shi, wanda aka cuta, ya ce babu zargi a kanku yau. A ta 97 suka je wurin mahaifinsu suka ce ya nema musu gafara. Wanda ya waiwaya ya ga hikimar Allah a cikin abin duka, a aya ta 100, Yusuf ne, ba waɗanda suka jefa shi ba. Ki ba matar nan littafin da wani zai durƙusa gabanta ya ce na yi kuskure. Wataƙila a gidanta ba ta taɓa ji ba.

Saratu Mabera:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Tun da Malam Buhari ya yi maganar fuska biyun nan nake ta juya ta. Na koma babin, ga yadda ya fito yanzu, ku duba mini:

Inna ta jawo tabarma ta zauna kusa da ita, ta daɗe tana gyara bakin zanenta. "Ki yi haƙuri Hadiza," ta ce, "rabo ne." Hadiza ba ta ɗago ba. Tana kallon jakar makarantarta da ke rataye a ƙusa, ƙura ta yi mata fari. "Na sani Inna," ta ce. "Rabona da aji yau wata bakwai. Rabona da barci tun daren da aka kai ni." Inna ta buɗe baki ta rufe. A waje Malam, baban Hadiza, na alwala, suna jin ƙarar buta. Ya gama, ya tsaya a bakin ƙofar, bai shigo ba, bai kuma tafi masallaci ba.

A nan na tsaya. Ban san ko zai shigo a babi na 15 ba.

Arzika Kware:
Yaron ya karanta man. Ki sa shi shiga, ɗiyata. Uba na.

Ummu Khairat:
Kada ya shigo da wuri. In ya shigo yanzu masu karatu ba za su yarda ba, namijin da ya yi wannan ba ya saukowa a dare ɗaya. Ki bar shi ya yi sallar nan a makare, ya kwana biyu yana kewaya ƙofar. Turo mini babin gaba ɗaya ta akwatina, akwai wuri biyu da nake so mu duba, musamman "ƙura ta yi mata fari", ina ganin jakar da ake kallo kullum ba ta yin ƙura, sai dai in hana ta taɓawa aka yi.

Hajiya Luba:
Ni Innar nake ji. Kada ki mayar da ita muguwa don ta faɗi kalmar, Saratu. Ita ma haka aka ce mata ranar da aka kai ta, ba ta da wata a bakinta. In da hali ki ba ta babi guda ita kaɗai, tana tankaɗe ko tana tsince shinkafa, mu ji wa ya fara ce mata rabo ne, tana da shekara nawa.

Saratu Mabera:
To Hajiya, in sha Allah. Anti Ummu hana ta aka yi, zan fito da shi fili. Zan turo bayan isha'i in an kawo wuta, wayar saura kaɗan ta mutu.